Dole ne sai ka je wuri kafin ka yi shiri a kansa? Ku jefo tambayoyinku

Madugu_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu sauraren shirina sun san duk ƙarshen shekara nakan ware fitowa guda in amsa tambayoyinku, maimakon in yi ta zuba ni kaɗai. Bana na ce bari in kawo abin nan, kowa ya jefo tasa, ko ta tafiye-tafiye, ko ta yadda ake haɗa fodkas, ko ma ta dalilin da ya sa nake da shegen son tambaya. Abin da muka tattauna a nan shi zan karanta a shirin.

Amma ni ma ina da tawa. Makon jiya wani bawan Allah ya aiko mini da saƙon murya, ransa a ɓace, ya ce na ci amanar masu saurare, don na yi fitowa sukutum a kan ayarin gishirin Bilma alhali ƙafata ba ta taɓa taka Bilma ba. Bai yi mini ƙarya ba, iyakata Agadas. Ya ce gani ya kori ji, wanda bai je ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Maganar ta hana ni sakat. Ku me kuka gani, dole ne sai mutum ya je wuri kafin ya yi shiri a kansa?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumussalam Malam. Ni dai ba don wannan fitowar ba, da har gobe ban san kantun gishirin da Baffana yake saya wa shanunsa daga tsakiyar hamada yake fitowa ba. Ina tuƙa tuwo nake saurare. Ku ci gaba don Allah.

Sadiq_Kurna:
Allah ya ba ku haƙuri Malam, amma mutumin nan yana da gaskiyarsa. Yanzu kowa ya sayi makirfo sai ya zama masani. A buɗe intanet, a karanto abin da wani Bature ya rubuta, a juya shi da Hausa, a ce an yi bincike. Ba da ku nake ba, amma ƙofar da kuke buɗewa ta nan suke shigowa.

Dan_Damagaram:
Sadiq, in haka ne malamin labarin ƙasa a lakkol sai ya ajiye alli ke nan, tunda bai je ƙasar Sin ba.

Sadiq_Kurna:
Malamin makaranta ai kowa ya san littafi yake karantawa. Mai fodkas kuwa murya ce kawai a kunnenka, yana magana kamar a gabansa aka yi.

Madugu_Fagge:
Sadiq, wannan ta biyun ta fi ta farkon kama ni. Murya tana da wani abu da takarda ba ta da shi. In mutum ya ji ka kullum a kunnensa yana tuƙi ko yana guga, sai ya ɗauke ka kamar ɗan gidansu, ya daina tambayar daga ina ka samo. Shi ya sa nakan tilasta wa kaina in faɗi bakin da na ji abu. In ni na gani in ce na gani, in a littafi ne in ce wane ya rubuta, in wani tsoho ne a tasha in ce wani tsoho ne a tasha.

Kuma ba ni na fara ba. Yawancin abin da duniya ta sani game da hajjin Mansa Musa na 1324 daga Al-Umari ya fito, shi kuwa bai je Mali ba, bai ma ga sarkin da idonsa ba. Alƙahira ya zo bayan shekaru, ya zauna da waɗanda suka yi hulɗa da ayarin, ya yi ta tambayarsu, ya rubuta yana cewa wane ne ya gaya mini. Da ya ce sai ya je Mali tukuna, da mun yi asara.

Amma kada in yi wa tafiya butulci. Na karanta labarin hasumiyar masallacin Agadas sau ba adadi: an gina a 1515, an sake ginawa a 1844, tsawonta mita 27, duk na laka, UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Duk na haddace. Sai da na hau na san abin da ban sani ba. Matakalar tana ƙara matsewa kana hawa, har ka koma kana jan jiki a karkace, ga duhu, ga warin jemagu. Itatuwan nan da suka fiffito a jikinta, da nake ɗauka ado ne a hoto, ashe su suke riƙe ginin, kuma a kansu magina suke takawa in za a yi yaɓe. Minti goma na wannan fitowar babu littafin da zai ba ni su.

Zee_Kaduna:
To Malam kun goyi bayan kowa ke nan, ba ku amsa ba 😂

Aliyu_Injiniya:
Ni tambayata ta kayan aiki ce. Ina so in fara nawa a kan gyaran sola da wutar gida. Wane makirfo zan saya, kuma dole ne sai da kwamfuta?

Madugu_Fagge:
Injiniya, kada ka sayi komai tukuna. Fitowa ashirin na farko da waya na yi su. Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Ɗakin da babu komai sai tayil da bango, muryarka za ta yi ta amsa-kuwwa kamar kana cikin rijiya. Nemi ɗaki mai katifa, labule da kafet. Ni a gaban sif ɗin kayan maiɗakina nake zama, in buɗe ƙofofinsa, zannuwanta su shanye ƙarar. Har yau tana yi mini dariya.

Sa wayar a yanayin jirgi kada kira ya katse ka. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da ita, ka ɗan karkata, don kada harufan fa da ba su riƙa bugunta. In a waje kake ga iska, zura mata safa mai tsabta. Lokaci kuwa, a unguwarmu ba ni da zaɓi sai bayan sha ɗayan dare, in maƙwabta sun kashe janareta. Da asuba na gwada, zakaru suka kore ni.

Tacewa akwai Audacity a kwamfuta, kyauta ce. In ka gama, fitar da shi MP3 a layin sauti ɗaya, kilobit 64. Lissafin mai sauƙi ne: kowane minti bai kai rabin megabayit ba, shirin minti 30 zai tsaya wajen megabayit 14. In ka ninka ingancin ka ninka wa mai saurare kuɗin data, kuma a maganar baka ba zai ji bambanci a wayarsa ba.

Aliyu_Injiniya:
Na gode ƙwarai. Sif ɗin ne dai sai na nemi izini.

Baba_Na_Rediyo:
'Ya'yana, ku gafarce ni, jikana ne ya sa ni a zauren nan. Wai shi wannan fodkas ɗin mene ne bambancinsa da rediyo? Mu tun muna samari muke amsa tambayoyi ta akwatin gidan waya, ka rubuta wasiƙa ka jira wata biyu ka ji an karanta sunanka daga Landan. Ba sabon abu kuka zo da shi ba.

Hafsat_Mass_Comm:
Baba ina wuni. Gaskiyarku ce, jikan rediyo ne. Bambancin shi ne rediyo ita take sa maka lokaci, wannan kuwa kai kake sa masa. Ana ajiye sautin a intanet tare da wani ɗan jeri da ake kira RSS, duk sanda mai shirin ya ɗora sabo, manhajar wayarka ta leƙa jerin ta jawo maka. Kuma ba sai da lasisi ko eriya ba. Kalmar ma ba ta tsufa ba, a 2004 wani ɗan jarida, Ben Hammersley, ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila, ya haɗa sunan iPod, 'yar na'urar sauraren sauti ta kamfanin Apple, da kalmar Turanci ta watsa shiri. A 2005 Apple ya sa shi cikin iTunes, daga nan ya bazu.

Baba_Na_Rediyo:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu kuwa Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus 1963, Muryar Amurka 1979. Ku nemo masa sunan Hausa mana, wannan fodkas ɗin kamar sunan magani.

Zee_Kaduna:
Rediyon aljihu.

Dan_Damagaram:
Rediyon aljihu ai akwai ta tun da, 'yar ƙaramar nan mai batir biyu. A ce taskar murya.

Musbahu_Gwale:
Ku bar wahalar da kanku, mutanen gari sun riga sun raɗa masa suna. A wajen masu turi a kasuwa cewa ake a tura mini odiyon Madugu. Shi ke nan.

Madugu_Fagge:
Musbahu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina ɗora shirin a Spotify, tunda suka sayi Anchor, wata manhajar ɗora fodkas, a 2019 ajiya kyauta ce a wurinsu, ina sa shi a YouTube, musamman da Google ya rufe manhajarsa ta fodkas a 2024. Amma alƙaluman da nake gani a can ba su ne masu saurarena ba. Masu saurarena suna WhatsApp da Telegram da memorin da aka tura musu a shagon caji. Na taɓa shiga motar Daura na ji direba ya sa muryata, na tambaye shi wane ne wannan, ya ce wani malami ne a Sudan. Tun daga ranar nake faɗin sunan shirin a farko, a tsakiya, da ƙarshe.

Ummu_Hanan:
Malam kun gaya masa ku ne?

Madugu_Fagge:
Ina! Na bar shi. Yana ta yabon malamin Sudan, in na ce ɗan Fagge ne sai darajar ta zube.

Nura_Kasuwa:
A yi maganar da kowa yake kunyar yi. Ana samun kuɗi?

Madugu_Fagge:
Alhaji Nura, koyarwa ce take ciyar da gidana, shirin kuwa ci yake daga aljihuna. Talla tana zuwa jefi-jefi. Mafi tsoka da aka taɓa kawo mini ta wani mai magani ce, kwalba ɗaya wai tana maganin siga, hawan jini, basir da rashin haihuwa. Na ce a kai kasuwa. Ba zan kwashe rabin awa ina ce wa mutane su riƙa tambayar hujja ba, sannan in rufe da wannan. Kuɗin tafiya kuwa adashi nake yi da malaman makarantarmu, in na ɗauka a hutun ƙarshen zango in kama hanya.

Abba_Tarihi:
Komawa kan tambayar farko. Ni ina tare da Sadiq. Dubi Ibn Battuta, ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, har Kano ya zo. Shi ya sa har yau ake karanta shi. Wa yake karanta waɗanda suka zauna a gida?

Malama_Rabi:
Abba, gyara kaɗan. Ibn Battuta bai zo Kano ba. Ya je Mali a 1352, a hanyar komawa a 1353 ya bi ta Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, yamma da Agadas. A can ya ambaci Gobir da Barno a matsayin wuraren da ake kai tagulla, kuma jin su ya yi, bai je ba. Misalin naka ma ya juya maka baya, don masana sun daɗe da gano cewa wasu sassan bayanin Makka da Dimashƙa a littafinsa an kwaso su ne daga Ibn Jubair da ya riga shi, kuma suna shakkar zuwansa Bulghar, wani gari a ƙasar Rasha ta yau. Ka ga wanda ya fi kowa tafiya ma bai tsira daga an ce ba.

Wanda ya zo Kano da ƙafarsa shi ne Heinrich Barth, a 1851, yana kiran kansa Abdulkarim. Shi ma rabin abin da ya tara daga bakin fatake da malamai ne, yana tambayarsu zango nawa ne daga gari kaza zuwa gari kaza, yana rubutawa.

Abba_Tarihi:
Na karɓi gyara Malama. Barth nake nufi na kira wancan.

Madugu_Fagge:
Malama Rabi, Allah ya ƙara sani. Tunda an ambaci Barth, ni yaron da ya bi shi ya fi burge ni. Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Timbuktu, ya ƙetare hamada, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba wani mai wa'azin Kirista, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, ana rubutawa. Yana kallon Turawa yadda suke kallonmu, yana mamakin cin abincinsu da sanyinsu. Ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. In da akwai makirfo a lokacin, shi ne ubangidanmu duka.

Dan_Damagaram:
Namu ne, ku riƙa faɗi da ƙarfi. Malam, yaushe za ku dawo Zinder? Wancan zuwan kun yi Birni da fadar Sultan kun wuce, ba ku shiga Zango ba. Kuma a shirin ba ku faɗi cewa mu ne babban birnin Nijar ba kafin a mai da shi Yamai a 1926.

Madugu_Fagge:
Na faɗa, kai ne ka tashi shan shayi a wurin. Amma bari in ba jama'a labarin abin da garinku ya yi mini, don amfanin mai shirin zuwa. Na sauka a tasha na sayi ruwa da ƙosai, yarinya ta ce dala arba'in. Na tsaya ina kallonta, ina lissafin dalar Amurka. Ashe a can dala ɗaya sefa biyar ce. Dala ashirin sefa 100, dala arba'in 200, dala ɗari 500, jikka kuwa 1,000. Duk farashin da aka faɗa maka da Hausa sai ka ninka shi biyar kafin ka san abin da ke rubuce a jikin kuɗin. Hausa ɗaya muke yi, amma ranar sai da yarinya 'yar shekara goma ta zaɓi kuɗin da kanta daga tafin hannuna.

Sadiq_Kurna:
To kun gani. Wannan a wane littafi za ku same shi?

Malama_Rabi:
Sadiq, da ya tambayi Dan_Damagaram kafin ya tashi, da ya gaya masa a minti ɗaya.

Fatima_Gusau:
Malam ni tambayata tsoro ce. Ya kuke yi da hanya a wannan zamani? Mu nan zuwa ƙauyen kakanninmu ma ya gagara.

Madugu_Fagge:
Hajiya Fatima, Allah ya kawo mana sauƙi. Babu jarunta a ciki. Akwai wuraren da na daɗe ina so, kamar kufan Surame na Kanta, da Sukur a Madagali wanda UNESCO ta sa a jerinta tun 1999, amma in waɗanda ke kusa suka ce a dakata, dakatawa nake. Ba na tafiyar dare. Kafin in shiga mota nakan zauna da direbobin layin in sha shayi, su suka san abin da ya faru jiya, ba labarai ba. In na isa gari ba na fito da na'ura sai na gai da mai unguwa ko dagaci, na faɗi abin da ya kawo ni, ya haɗa ni da yaro. Da ɗan gari akan ci gari.

Sau ɗaya na karya wannan doka, na tsaya ɗaukar ƙarar kasuwa kusa da wani shinge ban nemi izini ba. Awa huɗu na yi a zaune a benci ina bayanin mene ne fodkas, aka goge duk abin da na naɗa a ranar. Laifina ne.

Mai ƙetare iyaka kuma ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kada ya dogara da cewa da can da katin shaida ake wucewa. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, abubuwa suna sauyawa. A tambayi wanda ya bi ta Jibiya ko Kongolam a makon, ba bara ba.

Ahmad_MaiWurno:
Salamu alaikum ya jama'a. Ina karanta ku daga nesa. Ni jikan waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin har yau sunansa yake ɗauke da shi. Tun da yaƙi ya tashi a Sudan a Afrilun 2023, mu kanmu 'yan garin da yawa mun watse. To ya Sadiq, in sharaɗin shi ne sai Madugu ya zo da ƙafarsa, yaushe za a ba da labarinmu? Tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka yi tafiyar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kira mu a waya, ya naɗa, ya ce bai zo ba, mun yarda.

Sadiq_Kurna:
Allah ya zaunar da ƙasarku lafiya ɗan'uwa. A irin wannan ba ni da ta cewa. Amma ka lura, ku za ku yi maganar, ba shi ba. Ni abin da nake ƙi shi ne mutum ya zauna a Kano ya zama bakin mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba.

Hajia_Kumasi_Zongo:
Madugu, mu ma muna jira. Ku zo ku ga Salaga a nan Gana, inda kakanninmu suke zuwa sayen goro, rijiyoyin suna nan har yanzu. Bayan yaƙin 1892 mutane suka watse zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. Babban malamin nan Alhaji Umaru na Krachi ma haifaffen Kano ne. In kun zo zan ba ku waakye, ku ji yadda wake da shinkafarku ya koma a Gana har sunan ya bi shi.

Zee_Kaduna:
Hajiya ni ma a sa da ni a wannan tafiyar. Amma Malam ina da ƙorafi. Na ƙirga, a shirinku in an ji muryar mace to tambaya ta aiko. Duk tsofaffin da kuke hira da su maza ne. Mata ba su san tarihi ba ne?

Madugu_Fagge:
Zee, kin kama ni, ba ni da mafita. Dalilin ba ya wanke ni, amma ga shi: in na isa gari a zaure ake sauke ni, ba na wuce nan. Bara na fara ba ƙanwata na'urar tana shiga cikin gida. Abin da ta fito da shi daga wata tsohuwa a Daura, a kan yadda ake shirya guzurin fatake, dakakken gero da ƙuli da kilishi da abin da ba ya lalacewa a hanya, ya fi duk abin da na samo a zaure a ranar. Maza suna ba ni sunayen sarakuna, ita ta ba mu abin da aka ci.

Malama_Rabi:
Kuma kada a manta 'yan taru na Nana Asma'u. Jajis, wato matan da ke jagorantar 'yan tarun, suna tasowa daga ƙauyuka su zo wurinta, su haddace waƙoƙin karatu, su koma su rera wa matan da ba su iya zuwa ba. Ilimi ta kunne, wanda wata ta ɗauko ta kai wa wadda ba ta je ba. Ta rasu a 1864, tsarin bai mutu da ita ba.

Mushe_Maradi:
Ni malamin firamare ne. Tambayata kan son sani. Yaranmu in sun shigo aji ɗaya bakinsu cike da me ya sa, kafin aji shida sun yi tsit. A gida an ce yaro mai tambaya fitsararre ne, a lakkol mu ma muna gudun a tambaye mu abin da zai kunyata mu. Amma mu ne kuma muke cewa matambayi ba ya ɓata. Ku ya aka yi taku ba ta mutu ba?

Madugu_Fagge:
Mushe, an yi ƙoƙarin kashe ta, na sha ranƙwashi ba kaɗan ba. Kakata ce ta cece ni. In na tambaye ta abu takan ce je ka tambayi wane maƙeri, ka dawo ka gaya mini. Ashe aikin da nake yi yau ke nan.

Fitowar da aka fi turawa a duk shirina ɗana ne ya jawo ta. Da hunturu yana goge ƙura a gilashin mota ya ce, Baba, wannan ƙurar ta wane gari ce? Na buɗe baki in ce ta hamada, na ga ai ba amsa ba ce. Da na bi diddigi sai ga Bodele a arewacin Chadi, wani kwari da a da can ƙasan babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen ƙasan tafkin, wanda yawancinsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun tuni. Ita muke shaƙa, wata kuma ta ƙetare Tekun Atlantika har Kudancin Amurka.

Haka kwalekwalen Dufuna. Wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da itace a ƙasa. Da wani ne sai ya sare ya wuce. Shi ya tsaya, aka kai magana gaba, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi, ya fi mita 8, shekarunsa wajen 8,000. A Yobe.

Bukar_Damaturu:
A lokacin Borno ce Malam, sai 1991 aka yi Yobe. Amma kwalekwalen yana wurinmu.

Musbahu_Gwale:
To Malam, kun je Bodelen? 😂

Madugu_Fagge:
Ita ta zo, Musbahu. Tana kan gilashin motata yanzu haka.

Ag_Tabelot:
Salam. Ni ne na aiko da saƙon muryar. Ƙanena ya nuna mini wannan zance, na karanta duka. Malam, ban ce kai maƙaryaci ba ne, zafi ne ya ɗebe ni. Abin da ya ɓata mini rai guda ne. Ka ce raƙuma suna kiwo a hanya in an yi zango. Wace ciyawa ce a hamadar Tenere? Mahaifina ya yi wannan tafiya tun yana saurayi har gwiwarsa ta ƙi. Kafin a tashi, bayan damina, makonni ake yi ana yankan ciyawa a gindin duwatsun Ayar ana ɗaurewa. Raƙumi yana ɗauke da abincinsa da geron da za a musanya. Ana ajiye wasu ɗaurin a hanya don dawowa, a bi ta Fachi, a isa Bilma, a ɗauko gishirin kantu da na beza da dabino, sannan a gangara ƙasar Hausa. Wanda ya yi kuskuren lissafin ciyawa raƙumansa ba sa dawowa. Duk wahalar tana nan, kai kuma ka wuce ta da jimla ɗaya. Tsoho ya ji, ya yi dariya, ya ce wannan bai je ba.

Sadiq_Kurna:
Ga shi nan dai.

Malama_Rabi:
Sadiq, shi ma Ag_Tabelot bai ce ya je ba fa. Mahaifinsa ne ya je.

Ag_Tabelot:
Gaskiya ne Malama, ni direba ne, sau biyu na bi ta da mota. Da raƙumi ban yi ba.

Madugu_Fagge:
Ɗan'uwa, na gode da ka fito. Kuskuren nawa ne, na ɗauko yadda ayarin Gwanja yake yi a ƙasa mai ciyawa na ɗora wa hamada. Zan gyara a farkon fitowa mai zuwa, in faɗi wanda ya gyara mini in ka yarda. Amma ina roƙon abin da ya fi haka. Baba zai yarda ya yi magana? Ko ta waya ce, ko ka naɗa da taka ka turo. Ni tambaya kawai zan yi.

Ag_Tabelot:
Zan tambaye shi. Kunnensa ya yi nauyi, kuma in zance ya yi daɗi yakan bar Hausa ya koma Tamajak, sai na fassara. Sabis ma sai an hau tudu. Ka bari sai na koma gida bayan na sauke kayan albasa.

Hafsat_Mass_Comm:
In za a naɗa, don Allah a bar muryar Baban a ji ta ko da ba mu gane ba, a sa fassarar a bayanta. Kada a rufe shi da murya.

Aliyu_Injiniya:
Ag_Tabelot, wace irin waya ce da kai? In tudun akwai iska ka tafi da safa.

Hajia_Kumasi_Zongo:
Madugu ba ku amsa maganar Salaga ba.